Moton da Baba Bai Huda wa Hanci Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gashuwa, kuma a duk tsawon lokacin nan sau ɗaya tak aka neme ni a gari saboda kimiyyar. Sauran neman duk na cike fom ne da rubuta takardar neman aiki. Wannan sau ɗayan ya faɗo ne a wani hutun bazara, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, kuma wanda ya neme ni kawun matata ne, wani Alhaji a Nguru.

Kakannin Alhaji daga Haɗeja suka zo da fataucin gyaɗa, suka ga jirgin ƙasa ya tsaya a Nguru bai ƙara gaba ba, su ma suka tsaya. Shi ya gaji gyaɗar, ya ƙara mata buri. Ban da babban kamfanin mai da kowa ya sani a garin, shi ma ya kafa nasa ɗan ƙarami a bayan layin dogo, da injinan da ya kwaso daga wata masana'anta da ta mutu a kudu. A ɗaki na farko ana matse gyaɗa kamar yadda aka saba. A ɗaki na biyu kuma ake bin tunkuzar a ƙwace ɗan man da ya maƙale mata, da wani ruwa mai suna hekzen, wanda ma'aikata ke kira ƙanin fetur. Sunan ya dace, sai dai ƙanin ya fi wan saurin fushi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ba a ganinsa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya ɗaga rufin kwano. Shi ya sa mai gadi yake karɓe ashana da taba a bakin ƙofa. Alhajin kansa sai ya zazzage aljihu kafin ya wuce.

A wannan ɗaki na biyun akwai wani moto, wato abin nan da wutar lantarki ke juyawa, shi kuma ya juya sauran inji. Girmansa ya kai na bijimi a kwance. Wutar da yake ci ba irin ta gida ba ce, don wadda ke jefar da mutum idan ya taɓa waya a ɗaki ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na tasa ba. Rannan ya fara zafi har ba a iya ɗora masa hannu, yana wani kuka kamar an taka wa kare wutsiya. Alhaji ya sa aka kashe shi, aiki ya tsaya, ya aika mota Gashuwa ta ɗauko mutum biyu. Ni zan karanta littafin moton, wanda Turancinsa ya gagari akawun kamfani. Baba kuma shi zai yi aikin.

Baba tsohon mai naɗin kwayil ne, wato wayar cikin moto, Babarbare, yana da rumfa a gefen kasuwar Gashuwa. Daga Jakusko har Machina, duk mai injin niƙa ko injin ban ruwa ya san hanyar rumfar nan. Abin da aka san shi da shi kuwa shi ne hanci. A cewarsa, Turawa sun ƙera moto ne don ƙasarsu mai sanyi, suka rufe shi ruf, aka kawo shi nan inda rana ke dafa ƙwai a kan rairayi. Saboda haka duk moton da ya gyara, kafin ya miƙa, sai ya ɗauko wani abin huji na hannu ya huda masa 'yan ramuka biyu a ƙasan ciki, ta inda rairayi ba ya shiga, don ya sha iska. Har ta kai idan mutum zai sayi tsohon inji a kasuwa, sai ya durƙusa ya leƙa ƙasansa. In ya ga hanci, ciniki ya faɗa. Ni ma ba ni da abin cewa, domin injin niƙan unguwarmu da hancinsa ya yi ta aiki har mai shi ya aurar da 'ya'ya biyu.

Mahaifina Bafulatanin Jakusko ne. Ni ban taɓa tatsar saniya ba, amma wannan bai hana Baba karɓar haƙƙinsa na wasan Barebari da Fulani ba. Tun kafin in sa ƙafa a mota ya riga ya mamaye gidan gaba.

"Wushe, bawana," ya ce, yana gaishe ni da Barbarci. "Shiga baya. Ashe har da kai aka kira? Nonon moton ne ya tsinke?"

"A'a, Baba. Cewa aka yi za a kawo Babarbare kusa da ƙarfe, a samu mai hankali ya riƙa duba shi."

Direba ya yi dariya har ya manta bai saki burkin hannu ba.

Hanyar Gashuwa zuwa Nguru a lokacin ba ta son mai karatu. Ina riƙe da littafin, layi yana tsalle ina binsa, har muka wuce rabin tafiya. A nan na iso wani shafi da aka rubuta da manyan baƙaƙe, aka zagaye da jan layi. Na karanta sau biyu, na ɗaga kai na dubi jakar kayan aikin Baba da ke kan cinyarsa. Hannun abin hujin ya leƙo ta baki. Ban ƙara wasa ba har muka shiga gari.

Alhaji ya yi abin da ya dace tun kafin mu zo. An kwashe hekzen ɗin kaf, an wanke ƙasa, an bar ƙofofi a buɗe kwana biyu. Muka fara da maganar wuta. Baba ya saba gwada waya da bayan hannu, ya ce shekara arba'in ke nan suna gaisawa da lantarki a haka. Na ce masa wannan ba ta jira a miƙa mata hannu, ita ke tasowa ta taryi baƙo. Ga mamakina bai yi musu ba, ya ce ya taɓa ganin shirwa ta faɗo daga babban layin wuta a soye. Aka sauke makunni, aka ɗauko kwaɗon shagon Alhaji aka datse shi, Baba ya jefa makullin a aljihunsa, aka kuma ɗaure wayoyin moton da ƙasa don sauran wutar da ta maƙale ta tsiyaye. Na fara jin ashe aikin mai sauƙi ne.

Baba ya zagaya moton sau biyu, ya juya sandar tsakiyarsa da hannu, ya kara kunne.

"Boris ne ya bushe," ya ce, yana nufin ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a kansu. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya yi tsaki. "Ga shi kuma ba hanci. Yaya ba zai suma ba? Malam, ba ni alli. Malami ba ya rasa alli."

Ina da shi kuwa, a aljihun gaba. Na miƙa masa da hannuna, ya yi ɗigo biyu farare a cikin moton, ya jawo jaka.

"Baba, wannan ba a huda shi."

"In ji wa?"

"In ji waɗanda suka ƙera shi. An yi shi ne don irin wannan ɗaki. Idan tartsatsi ya tashi a cikinsa ya kama da tururi, gangar jikin nan ce za ta riƙe wutar. In aka huda, ta ramin za ta fito ta sami tururin da ke ɗaki."

"Alhaji, ka ji bawana? Yau shi ke koya mini moto."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Baba. "Malam, littafin nan fa a ɗaki mai sanyi aka rubuta shi."

"Haka ne, Kawu. Amma hekzen ɗin a ɗakinka yake."

Baba ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Babu wasa a muryarsa yanzu. "Ni ban taɓa miƙa moto ba hanci ba. In na gyara na bar shi a toshe ya sake ƙonewa, ba za a ce littafi ba, ni za a ce. Ko in yi aikina yadda na iya, ko direba ya mayar da ni Gashuwa."

To, ga inda muka tsaya. In Baba ya tafi, babu wani mai taɓa moton nan sai an je Kano an yi ta roƙo. In ya huda, rami ba ya komawa, kuma mutum goma sha biyu ne ke wuni a ɗakin nan. Na ga alamar zuciyar Alhaji ta fi karkata ga Baba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba yana da injina ɗari da ke yi masa shaida, ni kuwa takarda ce kawai a hannuna. Aka kira azahar, Alhaji ya ji daɗin kiran fiye da kowa.

"A yi salla, a ci abinci," ya ce. "Malam, bayan nan in kana da abin nunawa ka nuna. In babu, Baba ya yi aikinsa."

Burabusko aka kawo da miyar busasshen kifi, irin wanda ya kamata a ci da natsuwa. Ni dai ban san na ci ba. Da aka wanke hannu na je wurin mai shayin bakin tasha na aro babban gwangwanin madara mai murfi, da rariyar ƙarfe da yake tace shayi da ita, na sayi kyandir. Direba ya zuƙo mini fetur da tiyo. Muka tsallaka layin dogo zuwa wani fili, nesa da kamfani sosai, ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ma'aikatan da aiki ya tsaya musu suka biyo mu, suka yi da'ira. Ban taɓa samun aji mai son karatu kamar wannan ba.

Na roƙi Baba ya huda mini gefen gwangwanin. Ya ɗauki ƙusa ya yi da bugu ɗaya, ya ce, "Ka ga? Kai ma ka dawo hanya." Na tsiyaya fetur, na danne murfi, na ce kowa ya ja baya. Na yi musu ɗan jawabi a kan iska da tururi, irin wanda nake yi wa 'yan aji huɗu, na kunna tsinken kara mai tsawo na kai bakin ramin.

Wata 'yar wuta ta tsaya a bakin ramin, shuɗiya, mai ladabi, kamar ta risho. Ta ɗan yi rawa ta mutu.

Sai wani daga baya ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam, saura kaɗan mu hallaka." Fili ya ɗauka da dariya. Alhaji ya rufe baki da hannun riga. Na sake gwadawa, wannan karon ko 'yar wutar ba ta yi mini kara ba.

Baba ya karɓi gwangwanin, ya buɗe ya shinshina. "Bafulatani, wannan ai kindirmo ka zuba. Ka shaƙe shi da mai. Ko mota ce aka yi wa haka ba za ta tashi ba." Ya juye fetur ɗin a rairayi, ya kaɗa gwangwanin a iska har ya bushe, ya ɗiga fetur ɗigo uku da tsinke, ya rufe ya girgiza, ya ajiye a rana ɗan lokaci. Sannan ya karɓi karan daga hannuna, ya kai bakin ramin.

Ƙarar da ta tashi ta kori tantabarun tasha gaba ɗaya. Murfin ya yi sama ya maƙale a reshen maina. Ma'aikata suka watse, suka dawo suna tafi suna ihu, mai gadi yana cewa a ƙara. Baba shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana kallon busasshiyar ciyawar da ke gefen ramin da ya huda. Harshen wuta ya fito ta nan, ya ƙona ta baƙi ƙirin, tsawon kamu guda.

"Ɗigo uku," ya ce a hankali. "To amma, Malam, in moton a rufe yake, ta ina tururin zai shiga tun farko?"

"Yana shiga. In moto ya yi zafi ya huce, yana jan iska ta gefen sanda da ta bakin murfi."

"Ashe yana da hancinsa. To me ya hana wutar fita ta can?"

Na kunna kyandir, na kifa rariyar mai shayi a kan harshensa. Wutar ta baje a ƙarƙashin ragar, ta ƙi hayewa sama, kamar an yanke ta da wuƙa. Na buɗe baki zan fara bayani, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi rariyar ya gwada da kansa sau uku, ya taɓa ƙarfen da yatsa, ya janye da sauri ya sa a baki.

"Ƙarfen ne ke shanye mata zafi," ya ce. "In hanya ta yi ƙunci, kafin ta fita ta mutu."

Wannan jimla ita ce nake ɗaukar minti arba'in ina yi a aji, har da zane a allo, kuma rabin yara su fita ba su gane ba.

Muka koma. Baba ya tafi kai tsaye wurin murfin moton, ya shafa leɓen ƙarfen inda murfi ke haɗuwa da gangar jiki, mai faɗin tafin hannu. Ya ce tun da safe yake zagin Bature a zuci don ya yi ɓarnar ƙarfe a nan, ashe hanyar ce aka tsawaita. Ya lashi babban yatsa ya goge ɗigon allin nan biyu, ya mayar da abin huji can ƙasan jaka.

"Alhaji," ya ce, "kada ka ce bawana ne ya kayar da ni. Gwangwani ne."

Kwana biyu ya yi yana aiki, ni kuma ina zaune a kan bulo ina karanta masa shafi-shafi, yana gyara mini fassara. Da aka cire murfin fankar moton sai ga dalilin zafin a fili. Wani mai tausayi ya ɗaure bakin da buhu don kada rairayi ya shiga, ƙurar gyaɗa da mai kuma sun cike tsagogin bayan moton sun daskare, har ana ɓamɓaro su kamar ƙuli-ƙuli. Baba ya kankare su tas da katako, ya ƙi sa ƙarfe. Ya sake boris. Shi ne kuma ya lura notuna uku na murfi ba sa nan, abin da ni na karanta a littafi amma na tsaya a gaban moton wuni guda ban gani ba. Alhaji ya ce a sayo a kasuwa, Baba ya ce wallahi sai nasa na asali. Aka juye akwatunan da injin ya zo a ciki, aka same su a ƙulle a tsumma. Ya wanke leɓen ƙarfen nan kamar mai wanke kwanon baƙo, ya shafa masa giris kaɗan, ya ɗaure kowane noti, sannan ya fito da 'yan siraran ƙarafan da yake gwada bakin fulogi da su, ya bi tsagar murfin kewaye yana cusawa, ina faɗa masa lambar da littafi ya yarda da ita. Duk wanda ya leƙo sai ya tsare shi ya yi masa darasin rariya. Mai gadi ya sha shi sau uku.

Rana ta uku da hantsi aka kwance wayar ƙasa, Baba ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe kwaɗo. Moton ya tashi da wani gurnani mai laushi, kukan nan ya tafi. Aka bar shi yana juyawa ɗaki ba hekzen har rana ta take. Baba ya ɗora tafin hannu a bayansa da azahar, ya sake ɗorawa da la'asar, bai janye ba, ya ce ɗumin jariri ne. Ma'aikata suka yi kabbara. Alhaji ya sa aka yanka rago, aka gasa shi can tsallaken layin dogo, don yanzu kowa a kamfanin ya zama malamin tururi. Mai shayi ya zo karɓar rariyarsa ya tarar ta yi baƙi, aka ba shi cinya guda ya haƙura.

Washegari muka kama hanyar gida. Baba ya jingina a gidan gaba, har na zaci barci yake. Muna dab da shiga Gashuwa ya juyo.

"Malam, famfon gidan mai, wanda ke zuba wa mota fetur. Motonsa ma irin wannan ne?"

"Ƙarami ne, amma dokarsu ɗaya."

"Akwai wani gidan mai a hanyar Yusufari. Shekara uku ke nan." Ya nuna yatsu biyu, ya yi alamar murɗa abin huji. "Mai wurin har goro ya aiko mini, wai bai ƙara zafi ba."

Direba ya ce, "Inna lillahi. Kwanan nan na sha mai a can."

"Kada ka sauke mu," in ji Baba. "Juya."

Muka isa rana tsaka. Mai gidan man ya taso da murna yana Baba sannu, Baba lale. Baba bai ko zauna ba, ya ce a kashe wuta, ya kwance moton da hannunsa, ya rungumo shi ya sa a bayan mota. Ya ce wa mutumin wannan ya gama zama kusa da fetur, zai kai shi lambu ya ja ruwa, inda hanci ke da amfani. Ya kuma ce kafin sabo ya zo daga Kano, a koma famfon hannu. Mutumin ya bi mu har bakin titi yana tambayar abin da ya faru, tun da dai lafiya lau moton yake aiki.

Baba ya leƙo ta taga ya nuna ni da haɓa. "Kana da gwangwanin madara? Kawo. Bawana zai yi maka jawabi, ni kuma in kunna."